Mai Sikeli Ya Tsuke Bakin Aljihu

Kusan shekara uku suna biyan bashin gidansu lafiya lau, babu mai ciwon kai, sai ranar da mura ta kwantar da Mai Sikeli kwana biyu. Da ma shi zaman banza ba ya karɓarsa. Aikinsa a ofishin awo yake: ya zaga kasuwa da 'yar jakarsa ta duwatsun awo, ya ɗora su a sikelin mahauta da masu sayar da hatsi, ya gano wanda ya yi wa nasa dabara. Mutumin da ya saba kama ɓarawon giram hamsin, in ka ajiye shi a gado babu abin aunawa, ai sai ya nemo. Ya jawo akwatin takardu daga ƙarƙashin gado, ya ciro takardun banki, ya ɗauki kalkuleta.

Matarsa, wadda duk layin ke kira Nas saboda aikinta a ƙaramin asibitin unguwa, ta dawo da yamma ta tarar da shi zaune a tsakiyar gado, takardu sun kewaye shi, murar ta gudu ba magani.

"Maman Lauya, zauna," in ji shi. "Kin san gida nawa muke saya?"

"Ɗaya na sani. Sai dai in ka sayi wani a ɓoye."

"Biyu da rabi. Ɗaya muna ciki, ɗaya da rabi kuɗin ruwa ne. Shekara uku muna zubawa, uwar kuɗin ko gezau ba ta yi ba. Na lissafa, abin da muka mallaka a gidan nan zuwa yau bai wuce ƙofar shigowa da tagar bayi ba."

Nas ta zauna a bakin gado ko takalmi ba ta cire ba. Ita ma da sa hannunta a takardar, kuma rabin abin da banki ke cira duk wata daga albashinta yake fita. Ta karɓi kalkuletar ta danna da kanta har sau biyu, lissafin bai canza ba. Saura shekara goma sha bakwai. Ta ƙiyasta a ranta: ranar da za su gama, ta yi ritaya, gwiwoyinta sun gama aiki, rufin ma wataƙila ya fara yoyo.

"To, ya za a yi?"

"Shekara biyar," ya ce, ya ɗaga yatsu biyar kamar mai tsayar da mota. "In muka tsuke bakin aljihu, muka riƙa ƙara wa banki wani abu a kan na wata, shekara biyar mun fita. Amma fa sai kowa ya ɗaura ɗamara."

Ta ce ta yarda. Daga baya ta sha tunawa da wannan kalma, tana mamakin yadda ta suɓuce mata daga baki da sauƙi haka.

Ranar Asabar da safe aka kira taron gida a teburin cin abinci. Ga babbar 'yarsu mai shekara goma sha shida, wadda tun tana 'yar biyar ake ce mata Lauya, don ba a taɓa yanke mata hukunci ta karɓa ba tare da ɗaukaka ƙara ba. Ga Auta, 'yar shekara bakwai. Sai Inna, mahaifiyar maigidan, da ke zaune a ɗakin baya tun rasuwar mijinta. Mai Sikeli ya manna wani ƙaton kwali a bango, ya zana gida a jiki, ya rarraba shi bulo-bulo. Duk ƙarin da aka kai banki, Auta za ta shafa wa bulo ɗaya jan launi.

Inna ta saurari jawabin har ƙarshe, sannan ta gyara zama.

"Ɗan nan, shekara biyar ɗin da kake ta faɗa, ka tambayi likitana ko ina cikin lissafin?"

"Haba Inna, Allah ya ja da rai."

"Amin. Amma in zai ja, a bar mini sukarina."

"Baba, ina da tambaya," in ji Lauya. "Wannan taron na shawara ne ko na sanarwa?"

"Na shawara ne. Ga shawarar da aka yanke." Ya miƙa mata takarda mai shafi uku.

Tsakani da Allah, wata biyun farko babu abin zargi. Aka daina biyan kuɗin tashoshin talabijin ɗari da ko uku ba a kallo. Aka koma sayen shinkafa da buhu, man girki da jarka. Nas ta riƙa tafiya aiki da abincinta a kula, shi kuma ya bar tasi ya koma bas. Ƙarshen wata sai ga kuɗi sun yi saura a hannu, waɗanda a da ba a san ta inda suke zurarewa ba. Auta ta shafa bulo biyu, aka yi tafi. Nas ta ji wani daɗi da ta daɗe ba ta ji ba, har ta fara ba abokan aikinta shawara ba su tambaya ba.

Da a nan aka tsaya, da babu labari. Amma nasara ta hau wa Mai Sikeli kai.

A wata na uku ya girke ƙaramin sikeli a kicin. Sukari ya koma giram-giram, kowa da ƙullinsa na mako. Sabulun wanka ya sa wuƙa ya raba shi huɗu. Jakar ganyen shayi ba a yar da ita sai ta yi aiki sau uku, kuma bayan kowane zagaye a rataye ta a igiyar shanya ta huta, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wani sabon magani ne Nas ke haɗawa. Firji aka sa masa lokacin buɗewa, sau uku a rana, kuma kafin ka taɓa ƙofar sai ka faɗi abin da za ka ɗauko, don kada ka tsaya tunani sanyi yana zubewa. Dutsen guga ya shiga akwati; kayan makaranta sai a shimfiɗa su ƙarƙashin katifa, nauyin mai barci ya goge su. Ƙwan fitila kuwa ya kwance duka ya bar biyu, duk mai buƙata ya hau kujera ya kwance ya tafi da shi.

Abin da ya fi ci wa Nas rai shi ne sabon harshen da ya koya. Ya daina kiran kuɗi da sunansu, komai ya koma kwanakin bashi. In ta soya ƙwai, ya ce, "Awa shida ke nan kika ƙara mana." Lauya ta nemi takalmin makaranta, ya ce kwana tara. Ranar da ƙanwar Nas ta haihu, ta ce za ta sai wa jaririn 'yan riguna, sai ya rufe ido yana motsa leɓe, ya buɗe ya ce, "Mako biyu da kwana ɗaya. Yara nan da nan suke girma. Me zai hana a jira ya tsaya a tsawo ɗaya?"

Wata rana ta taso daga aikin safe da wuri, ta tarar da gidan tsit, irin shirun da ke nuna ana aikata wani abu. Ta tura ƙofar ɗakin Inna. Ga su uku a kan gado, kowa da kofin shayi mai kauri, fari sol da madara, ga burodi an lafta masa bota. Gwangwanin da aka rubuta wa "maganin hawan jini" a buɗe, cike da sukari. Auta ta ɓoye kofinta a baya. Lauya ta buɗe baki za ta fara kare kai. Inna kuwa ko a jikinta.

"'Yar nan, rufe ƙofa, iska na shigowa. Akwai kofi a bayan akwati."

Nas ta tsaya. Ta san ya kamata ta yi faɗa, don ita ta fara cewa ta yarda. Amma ta san kuma duk ranar Alhamis tana tsallaka titi zuwa shagon da ke gaban asibiti, ta sayi soyayyar cinyar kaza, ta ci a tsaye a bayan ɗakin magani, ta wanke hannu sau biyu da sabulun asibiti don kada ƙamshi ya bi ta gida. Ta rufe ƙofar, ta ɗauko kofin.

"Fanshon marigayi ne," in ji Inna tana zuba mata. "Shi bai ci bashin kowa ba."

A wata na shida Nas ta tarar da mijinta a durƙushe a falo yana ja da tef ɗin awo.

"Mita biyar a tsaye, huɗu a kwance," ya ce, "kuma ba ya kawo mana ko sisin kwabo."

"Ai muna zama a ciki."

"Zama ba ya rage uwar kuɗi."

Falon yana da ƙofarsa ta waje da ɗan bayin baƙi. Kafin mako ya zagayo an samu ɗan haya: wani kuku a babban otal, mutum mai ƙiba da fara'a, iyalinsa suna wani gari. Ya biya kuɗin shekara ɗaya da rabi a dunƙule, aka bar masa kujeru da talabijin da fanka da darduma, aka rubuta a yarjejeniya cewa kicin da firji na kowa ne. Ran nan Mai Sikeli ya kai kuɗin banki da gudu. Auta ta shafa layin bulo guda, Nas ta lura ta ƙara shafa bulo uku da ba a biya ba. Da ta tambaye ta a gefe, ta ce so take a gama da wuri.

Iyalin suka koma ɗan lungun da ke tsakanin ɗakuna da kicin, mutum biyar a kujerun roba huɗu. Dokar firji ba ta hau kan Kuku ba. Sai ya wangale ƙofar ya tsaya yana 'yar waƙa, yana tunanin abin da yake marmari, Mai Sikeli yana lungu yana kallon agogo, jijiyar wuyansa tana rawa. Ranar hutun Kuku kuwa gidan ba ya zaunuwa. Albasa a cikin bota, kaza da tafarnuwa, kifi da lemon tsami, ƙamshin ya biyo lungu ya same su a gaban shinkafa da wake da man da aka auna da cokali. Auta ta koyi cin abinci ido a rufe, fuskarta tana kallon kicin.

Ba wai Kuku marowaci ba ne. Sau da yawa yakan leƙo da faranti. "Maigida, ga ɗan taɓawa ga yara."

"Mun gode, yanzu muka ƙoshi," in ji Mai Sikeli, don ya yarda a ce yana tattali, amma bai yarda a ce ɗan haya ke ciyar da shi ba.

Har yayan Nas ya zo ziyara wata Lahadi. Ya yi sallama a ƙofar falo kamar yadda ya saba, ya ga wani ƙato da singileti a miƙe a doguwar kujera yana kallon ƙwallo. Ya ba da haƙuri, ya fita, ya sake duba lambar gidan, ya kira ƙanwarsa a waya da murya ƙasa-ƙasa: "Ke, wani abu ya faru tsakaninki da Baban Lauya ne ba ki faɗa mini ba?" Ta zagayo da shi ta ƙofar baya, ta ba shi kujerar roba, ita ta zauna a kan bokiti. Da zai tafi ya cusa mata kuɗi a hannu. Ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Duk da haka ta daure, har wata na goma sha huɗu, ranar da malamar su Auta ta aiko da takarda. Ta rubuta cewa yarinyar tana gyangyaɗi a aji, kuma da aka tambaye ta lemo uku a tara da lemo huɗu, ta ce kwana ɗaya da rabi. Nas ta karanta ta yi dariya, sai ta ɗaga ido ta ga Auta tana riƙe da siket ɗin makaranta da hannu ɗaya don kada ya zame. Dariyar ta tsaya. Shekara goma sha takwas tana auna 'ya'yan mutane tana yi wa iyayensu faɗa, ga tata a gabanta ba ta gani ba.

Washegari ta aro sikelin mutane daga asibiti, ta ajiye shi a tsakiyar lungu ranar Asabar, kafin a buɗe taron mako.

"Yau ni ce da taro," ta ce. "Kowa ya hau."

Tana da katin asibitin kowa, da nauyinsa na bara. Auta ta ragu da kilo biyu. Lauya da uku. Ita kanta da biyu, duk da kazar Alhamis. Inna tana nan yadda take, ba ƙari ba ragi.

"Baban Lauya, bismillah."

"Ni ai lafiyata ƙalau."

"Na gani. Hau."

Ya hau. Allurar ta yi gaba, ta wuce inda take bara, ta ci gaba da tafiya, ta tsaya. Lauya ta sunkuya ta karanta da ƙarfi. "Baba ya ƙaru da kilo biyar."

"Sikelin nan ƙarya yake yi," in ji shi, ya sauko da sauri. "Ni zan faɗa muku, aikina ne. Irin waɗannan nake ƙwacewa kullum."

"To a gwada shi," in ji Lauya. Kafin ya hana, ta shiga ɗaki ta jawo jakar aikinsa, ta ciro dutsen awo mai kilo biyar mai tambarin ofis, ta ɗora. Allurar ta tsaya cak a kan biyar, ko gashi ba ta kauce ba.

Mai Sikeli ya yi tsuru-tsuru. Ya dubi rufi, ya dubi ƙasa, ya share gumi.

"Ɗan nan, ina kake ci?" in ji Inna.

Da ƙyar maganar ta fito. Ashe duk ranar da ya shiga kasuwa, masu abinci da mahauta ba sa barinsa ya wuce haka. Wannan ya ce ya ɗanɗana, wancan ya ce ya ɗanɗana. Tun da ya daina karyawa sosai a gida, ɗanɗanon ya ɗan yi tsawo, har ya zama da faranti da kujera.

"Amma ban taɓa kashe ko kwabo ba," ya ce. "Kyauta ce. Ba ta shiga kasafi."

"Sikelin masu kyautar fa?" in ji Lauya. "Duk daidai suke?"

"Ke, rufe mini baki!"

Nas ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ta ce ita ma tana cin kaza a ɓoye ranar Alhamis, Allah ya yafe mata. Inna ta ce ita ba ta ɓoye komai ba, ba a dai tambaye ta ba ne. Nas ta jawo Auta ta tsayar da ita a gabansa, ta kama ƙugun siket ɗin ta ja, tafin hannunta ya shige gaba ɗaya.

"Duk gidan nan kowa ya samu ƙofar fita, sai wadda ba ta da aljihu. Gidan da kake cewa don su muke biya, ga mai gidan nan. Jibi Litinin tare za mu je bankin. Ina so in ga abin da wata goma sha huɗu ya saya mana da idona, ba a jikin kwali ba."

Bai yi musu ba. Ya daɗe yana kallon siket ɗin, sannan ya tashi da kansa ya buɗe firji ba a kan lokaci ba, ya ɗauko ƙwai biyu.

Ranar Litinin su uku suka tafi, don Lauya ta ce makaranta ba za ta rushe ba saboda rashinta na rana ɗaya. A cikin bas ta karɓi takardar yarjejeniyar bashin, mai shafi ashirin da ƙananan rubutu kamar tururuwa, ta duƙufa a kai. Uban ya ce ya karanta duka. Ta ce lambobin ya karanta.

Bankin sanyi ƙalau, fitilu fiye da talatin a kunne da rana tsaka. Nas ta ga mijinta yana ƙirga su da ido. Ma'aikaciyar sashen lamuni, wata matashiya mai taushin murya, ta danna kwamfuta ta yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, kuna cikin mafi kyawun abokan hulɗarmu. Kuɗinku suna nan lafiya."

"Suna nan? A ina?"

"A ajiye. Duk ƙarin da kake kawowa muna riƙe shi a matsayin biyan watanni masu zuwa. Ai ba ka cike fom ɗin rage uwar kuɗi ba."

"To ruwan fa?"

"Yana tafiya yadda ya saba."

Nas ta tuna jakunkunan shayi a igiya, ta tuna bokitin da ta zauna a kai a gaban yayanta. Ta juya ta dubi mijinta, ta ga bakinsa a buɗe, sai tausayi ya riga fushi zuwa.

"A kawo fom ɗin," ta ce. "A zuba duka a kan uwar kuɗin yau."

"Babu damuwa. Sai dai akwai tara."

"Tarar me?"

"Ta biya da wuri."

Mai Sikeli ya dafe tebur. "'Yata, shekara ashirin ina cin tarar mutane. Na san tarar wanda ya makara, na san ta wanda ya ƙi biya. Yau na fara jin tarar wanda ya kawo kuɗi."

"Ai in kun biya da wuri, banki ya yi asarar ruwan da ya sa rai a kai," ta ce a hankali, kamar mai yi wa yaro bayanin allura.

"Allah sarki, banki," in ji Nas.

Sai Lauya ta ɗora takardar a kan tebur, yatsanta a shafi na goma sha ɗaya. "Anti, nan an ce ana iya rage kashi ɗaya cikin goma na uwar kuɗi duk shekara ba tare da tara ba. Kuma an ce shekarar bashi tana farawa daga ranar da aka sa hannu. Tasu za ta cika ranar Juma'ar nan. In aka zuba rabi yau, rabi Litinin mai zuwa, shekara biyu ke nan daban-daban. Ko na karanta ba daidai ba?"

Ma'aikaciyar ta karanta, ta sake karantawa, ta shiga ciki ta daɗe, ta dawo murmushinta ya ɗan ragu. Ta ce haka ne. Aka kawo fom, aka ce shi ma da kuɗinsa, Nas ta biya daga jakarta ba ta tambayi kwana nawa ne ba. Da aka buga sabon jadawali, shekara huɗu da wata biyu suka zube daga bashin. Ba shekara biyar ɗin Mai Sikeli ba ce ta rage, saura kusan sha biyu, amma wannan karon a rubuce yake da hatimi.

Suna miƙewa ma'aikaciyar ta ce, "Af, ranka ya daɗe, ganin yadda kuke biya, kun cancanci lamunin mota. Ko yau kuke so."

Idon Mai Sikeli ya ɗan yi haske. "Ruwan nawa ne?"

Nas ta taka masa ƙafa da dugadugin takalmi, ta ja shi waje.

Da yamma ta zauna ta rubuta sabon kasafi, rabin shafi. Buhun shinkafa da jarkar mai da bas da kula duk suna nan. Ƙarin da za a kai banki sau ɗaya ne a shekara, da fom, iya kashi ɗaya cikin goma. An ware na ƙwai da madara da nama, da wani layi da ta rubuta wa "abin da ya taso". Mai Sikeli ya karanta, leɓensa ya fara motsi da lissafi, ya haɗa ido da ita, leɓen ya tsaya. Ya sa hannu.

Saura falo. Suka je tare suka ƙwanƙwasa, suka yi wa Kuku bayani cikin ladabi. Ya saurara da kyau, ya jinjina kai, ya ce wallahi ya tausaya, kuma a shirye yake ya tashi gobe in za a mayar masa da kuɗin wata goma da suka rage. Kuɗin kuwa sun riga sun shige uwar kuɗi, ba su da hanyar dawowa.

"To kun gani," in ji Kuku. "Amma ba za a yi haka ba. Lahadi ina hutu. Ku zo mu ci abincin rana, duk gidan, har da Inna. Wannan karon, maigida, kada ka ce mini kun ƙoshi."

Ranar Lahadi da azahar suka yi wanka, suka sa kayan fita, suka fita ta ƙofar baya, suka zagaya gidan ta waje, don Inna ta ce baƙo ba ya shiga ta kicin. Kuku ya tarbe su da hannu biyu. Ya sauya wa kujerun wuri, ya rataya hoton iyalinsa a bango, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, fanka tana juyawa a lamba ta ƙarshe. Mai Sikeli ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shiga a hankali, ya zauna a gefen kujerar da shi ya saya da albashinsa, hannuwansa a kan gwiwa.

"Haba maigida, saki jikinka," in ji Kuku yana zuba masa miya. "Ka ɗauka kamar gidanka ne."

Lauya ta ƙware da ruwa. Inna ta ce a miƙo mata cinya. Nas ta zuba wa Auta karo na biyu, ta zauna tana kallonta tana ci, har nata abincin ya huce.